Fitar da lambar yabon sojan Ingila: inda doka ta sa ido

Dokar Birtaniya ba ta hana saye da sayar da lambobin yabon yaƙi na zamanin Sarauniya Victoria (1837 zuwa 1901) ba. Lambar yaƙin Kirimiya, ta yaƙin Zulu na 1879, har da Tauraron Ashanti na 1896 da aka ba wa sojojin Hausa ma, duk ana gwanjonsu a fili. Maganar doka tana tasowa ne idan za a fitar da kayan daga ƙasar.

Dokar 2002 kan fitar da kaya, da umarnin 2003 da ya biyo bayanta, sun shafi duk abin tarihi da ya haura shekara 50. Hukumar raya fasaha ta Ingila, Arts Council England, ce ke ba da izini. Ga lambar yabo, sai darajarta ta kai fam 65,000 ake buƙatar izini na musamman, kuma lambar ƙaramin soja ba kasafai take kusantar wannan kuɗi ba.

Tarkon yana cikin takardu. Rubutaccen abu na asali, kamar takardar sallamar soja ko wasiƙar da ya aiko gida daga fagen daga, yana buƙatar izini komai arharsa. Wato lambar fam 300 za ta wuce salin alin, amma takardar da ke tare da ita a ambulan guda ita ce za ta iya jawo kwastan su riƙe kayan. An ware takardun da suka shafi mai fitarwar kansa ko matarsa, amma na kakan kakanni ba sa ciki. Kwafin bayanan aikin soja (kundin WO 97) ko rajistar lambobi (kundin WO 100) daga ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan ba ruwansa da wannan, tunda sabon kwafi ne.

Idan kaya masu tsada ne, kwamitin masana zai iya auna su da sharuɗɗan Waverley guda 3 na 1952: alaƙa da tarihin ƙasa, kyan sana'a, da amfani ga masu nazari. Cika ɗaya ya isa minista ya jinkirta izini na wasu watanni, ko wani gidan tarihi a Birtaniya zai biya farashin. A cikin lambobin yabo, irin su Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a sojan Birtaniya, ne ke iya faɗawa nan. Mai tabbacin cewa an shigo da kayan ƙasar Birtaniya daga waje cikin shekara 50 da suka wuce, ya haɗa rasit da takardar shigowa, galibi za a ba shi izini ba tare da zuwa gaban kwamiti ba.