Hijabi a makarantar gwamnati: me doka ta ce?

Shin har yanzu akwai gardama kan halascin sa hijabi a makarantar gwamnati?

A gaban shari'a dai an yanke. Ɗalibai mata biyu tare da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ne suka maka gwamnatin Legas a kotu kan haramta sa hijabi a makarantunta. Babbar kotun jihar ta goyi bayan haramcin a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke shi a 2016, sannan Kotun Ƙoli ta rufe maganar da tabbatar da 'yancin sa hijabin ranar 17 ga Yunin 2022, alƙalai 5 suka rinjayi 2. Madogararsu sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin bayyana addininsa.

To me ya sa aka yi ta faɗa a Kwara?

Can tambayar daban ce: makarantar ta wa ce? 'Yan mishan ne suka gina makarantun da ake faɗa a kansu, sunayen coci suke ɗauke da su har gobe, amma gwamnati ta karɓe su tun shekarun 1970, ita ke biyan malamai. Coci na cewa tarbiyyar da aka kafa makarantar a kai ba ta tafi da albashi ba. Iyaye Musulmi kuwa na cewa da harajinmu ake tafiyar da ita. A Fabrairun 2021 gwamnati ta rufe makarantu 10 a Ilori, da aka tashi buɗewa aka yi ta jefe-jefe a bakin ƙofa. Bayan shekara guda an rasa rai a rikicin hijabi a wata makaranta da ke garin Ijagbo.

A ganina kalma ɗaya ce ta raba gardamar: "kaɗai". Sashe na 38(3) ya ba kowace al'ummar addini damar koyar da addininta a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta. Wanda ya karɓi kuɗin gwamnati ya fita daga wannan inuwa. Kuma wuƙar nan kaifi biyu gare ta: makarantar gwamnati mai sunan Musulunci a Kano ba ta da ikon tilasta wa yaro Kirista zama darasin addinin da ba nasa ba.

Ba za a iya hanawa saboda tsaro ba?

Sashe na 45 ya yarda a taƙaita 'yanci don kare lafiyar jama'a, amma sai da doka, ba da takardar shugaban makaranta ba. A 2015, bayan hare-haren ƙunar baƙin wake, Chadi da arewacin Kamaru da jihar Diffa a Nijar sun hana rufe fuska gaba ɗaya. Wannan niƙabi ne. Ɗan hijabin da ɗaliba ke sawa bisa kayan makaranta bai ɓoye fuska.

Ana bukatar sabuwar doka?

An gabatar da ƙudirin hana wariyar addini a Majalisar Wakilai a 2021, bai zama doka ba. Abin da ya fi gaggawa shi ne jihohi su rubuta a fili matsayin makarantun da suka karɓa: ko su mayar wa masu su har da nauyin albashi, ko su tafiyar da su a matsayin na kowa.