Ba Kullum Fuska Ke Ba Da Labarin Zuciya Ba

Mun taso muna jin "labarin zuciya a tambayi fuska", har muka ɗauka duk wanda fuskarsa ta yi shiru, to cikinsa ma wayam yake. Kuskure ne, kuma marasa lafiya ne suka fi cutuwa da shi.

Ai babu wanda ya taɓa leƙa zuciyar wani. Da kanmu muke kiyasi: in na ji zafi nakan yamutsa fuska, saboda haka in na ga ka yamutsa taka, sai in ce kai ma zafin kake ji. Masanin falsafa ɗan Ingila, John Stuart Mill, ya kafa wannan hujja a rubuce a 1865. Rauninta, a ganina, a fili yake: kan misali ɗaya tak ta tsaya, wato ni kaina. Alamun fuska na iya ɓacewa alhali hankali na nan daram.

A 2006 masanin ƙwaƙwalwa Adrian Owen da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suka ba da labarin wata mata 'yar shekara 23 da haɗarin mota ya kwantar, ba magana, ba amsa kira. Suka sa ta cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ce ta riya a ranta tana buga tanis, sannan tana zagaya ɗakunan gidanta. Sassan ƙwaƙwalwarta da suka amsa su ne waɗanda ke amsawa a masu lafiya. Ashe tana ji, tana fahimta.

Akwai kuma yaran da ake haifa da ciwon Möbius, jijiyoyin fuskarsu ba sa aiki. Suna farin ciki kamar kowane yaro, murmushin ne ba ya fitowa.