Shin itace a gona yana hana amfani yin kyau?

Tun muna yara a ƙauyukan Jigawa muke jin cewa itace a gona ɓarna ne, inuwarsa tana danne gero, saiwarsa tana shanye ruwa. Shi ya sa a lokacin sharar gona wasu ba sa barin ko toho ɗaya. Maganar tana da tushe, domin wanda ya shuka dawa a gindin darbejiya ko turare ya ga yadda take tsumburewa. Kuskuren shi ne yi wa itatuwa kuɗin goro.

Dubi gawo. Da damina ta kama sai ya zubar da ganye, rana ta isa ga shuka, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Saiwarsa tana tara sinadarin naitirojin a ƙasa, wanda shi muke saye da tsada a buhun yuriya. Da rani dabbobi suna kwana a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashi. Ragowar 'ya'yan kuwa kuɗi ne a kasuwar ƙauye. Ga shi kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne da ya zuƙo daga iskar da ke ɗumama duniya.

Gwadawa ba wuya. Ka ware taku 10 a gindin gawo, 10 a fili, iri ɗaya, shuka rana ɗaya. Da kaka ka sussuke kowanne daban, ka auna da tiya.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa manoma kafin a fara shara.