Waiwaye: Daga ina batun auren Yesu Almasihu ya samo asali?

Duk bayan 'yan shekaru sai a ji an fito da wata sabuwar hujja, wai tana nuna cewa Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), ya yi aure har ya bar zuriya. Matar da ake dangantawa da shi kusan kullum ita ce Maryamu Magadaliya, ɗaya daga cikin matan da ke bin sa. Idan aka bi salsalar maganar, za a tarar tushenta shirun littattafan farko ne, don ba su ce ya yi aure ba, ba su kuma fito fili sun ce bai yi ba.

Linjila huɗu, wato Matiyu, Markus, Luka da Yohanna, an rubuta su ne tsakanin wajen shekarar 70 zuwa 100 Miladiyya. Sun ambaci mahaifiyarsa, sun jera sunayen 'yan'uwansa maza huɗu a Markus 6:3, sun ma ambaci surukar almajirinsa Bitrus da ta yi zazzaɓi. Ba inda aka ambaci mata ko ɗa. Hujjar da masana tarihi suka fi ba nauyi tana cikin 1 Korintiyawa 9:5, wasiƙar da Manzo Bulus ke kare haƙƙin manzanni na tafiya da matansu. Ya kawo misali da sauran manzanni, da 'yan'uwan Ubangiji (wato Yesu), da Kefas (wato Bitrus). Da Yesu na da mata, da shi zai fara kafa hujja. Ita kuwa Maryamu, da sunan garinta Magadala ake kiranta, alhali matan aure da sunan mazajensu ake gane su, kamar Yuwana matar Kuza a Luka 8:3.

Masu ganin ya yi aure, irin su malamin tauhidin Kirista William Phipps a littafinsa na 1970, cewa suke yi abin mamaki ne Bayahude mai shekara 30, malami kuma, ya zauna tuzuru ba wanda ya tanka. Maganar tana da kan gado, sai dai dokokin da ake dogara da su an tattara su ne a Mishna, kundin dokokin Yahudawa, wajen shekarar 200. A zamanin Yesu kuwa, marubutan Yahudawa Yosifus da Filo duk sun ba da labarin ƙungiyar Essiniyawa, waɗanda da yawansu ba sa aure. Kafin su ma an hana Annabi Irmiya aure a Irmiya 16:2. A ɓangaren Musulunci, Alƙur'ani bai ambaci mata ga Annabi Isa ba. Akwai ruwayar da ke cewa zai yi aure ya haihu bayan saukowarsa, amma malaman hadisi sun yi magana a kan ingancinta, kuma ita ma ba ta ce ya yi auren a zamansa na farko ba.

Karo na farko da aka yi musu a rubuce, ba a kan ko ya yi aure aka yi ba. Wajen shekarar 200, malamin Kirista Kilemen na Iskandariya ya mayar da martani ga wasu masu tsananin gudun duniya da ke haramta aure, suna cewa koyi suke yi da Almasihu. Kilemen na goyon bayan aure, amma bai ƙaryata su ba. Ya yarda bai yi ba, sai ya ce Ikkilisiya ce amaryarsa.

Sunan Maryamu Magadaliya ya fara ɗaukar wani launi a 591, lokacin da Paparoma Gregory na Ɗaya ya haɗa ta a huɗubarsa da mace mai zunubin da ke Luka sura ta 7. Nassin bai ce su mutum ɗaya ba ne, amma fahimtar ta zauna a Yammacin Turai har sai da Cocin Katolika ta raba su a kalandarta ta 1969. A ƙarni na 13 wani marubucin yaƙin da aka yi da 'yan Kathar, wata ƙungiyar Kirista da Coci ta ɗauka 'yan bidi'a, a kudancin Faransa ya zarge su da cewa suna kiranta ƙwarƙwarar Almasihu, amma wannan shaidar abokin gaba ce. Wasu shugabannin cocin Mormon ta Amurka na shekarun 1850, kamar Orson Hyde, sun ce bikin auren garin Kana da ke Linjilar Yohanna auren Yesu ne da kansa. Cocinsu ta bayyana a 2006 cewa wannan ba aƙidarta ba ce.

A ƙarshen 1945 manoma suka tono tulu kusa da Nag Hammadi a Masar, da littattafai 13 a harshen Kibɗawa. A cikinsu akwai Linjilar Filibus, wadda aka fi danganta ta da ƙarni na uku. Ta kira Maryamu abokiyar tarayyarsa, da kalmar da ake amfani da ita ga mata, da abokin ciniki, da abokin addini. Sai jimlar da ta fi shahara, cewa yakan sumbace ta sau da yawa a kan wani wuri. Daidai inda ya kamata sunan wurin ya zo, takardar ta huje. "Baki" da ake gani a fassarori cikon masu gyara ne, kuma littafin da kansa ya bayyana sumba a matsayin alamar miƙa alherin ruhu tsakanin masu bi. Linjilar Maryamu, da aka saya a Alƙahira a 1896, cewa ta yi ya fi ƙaunarta a kan sauran mata. Rikicin da ke cikinta kan wanda ke da ikon koyarwa ne, ita ko Bitrus.

Batun zuriya kuwa a ƙarni na 20 ya bazu. A 1956 wani Bafaranshe, Pierre Plantard, ya kafa wata ƙaramar ƙungiya mai suna Prieuré de Sion a garin Annemasse. A shekarun 1960 shi da abokansa suka shigar da takardun asali na bogi a ɗakin karatu na ƙasa da ke Paris, don nuna cewa shi jikan Merovingiya ne, tsoffin sarakunan Faransa. Marubutan littafin Holy Blood, Holy Grail na 1982 suka ɗora nasu hasashen a kai, cewa waɗannan sarakunan jinin Yesu da Maryamu ne. Plantard ya amsa a gaban alƙalin bincike a 1993 cewa ƙirƙira ce, amma hakan bai hana ƙagaggen labarin Dan Brown na 2003, The Da Vinci Code, yaɗa ta ga miliyoyin masu karatu ba.

Sai kabarin Talpiot a Ƙudus, da aka gano a 1980 da akwatunan dutse goma na adana ƙasusuwa, shida da rubutu. A ciki akwai "Yeshua ɗan Yusufu", da "Yahuda ɗan Yeshua", da wata Mariamene. Wani shirin talabijin na 2007 ya ce kabarin iyalin Yesu ne, Mariamene kuma ita ce Maryamu Magadaliya, matarsa. Inda lissafin ya karye shi ne sunayen na gama-gari ne: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na matan Yahudawan zamanin da aka san sunansu Maryamu ne. Gwajin ƙwayoyin gado da aka yi ya nuna kawai cewa Yeshua da Mariamene ba su haɗa uwa ba. Za ta iya zama 'yar uba, ko matar wani namijin da ke kabarin. Amos Kloner, wanda ya wallafa rahoton tonon, ya yi watsi da iƙirarin.

Wanda ya fi kusa da ruɗar masana shi ne na ranar 18 ga Satumban 2012, lokacin da Farfesa Karen King ta Harvard ta gabatar da wani guntun fafirus, takardar dā da ake yi da wani tsiro, a taron masana harshen Kibɗawa a Rum. Faɗinsa wajen santimita 8, tsayinsa 4, da layi takwas a fuska, ɗaya na cewa: "Yesu ya ce musu, matata…" King ta yi taka-tsantsan, ta ce wannan bai tabbatar da auren ba, yana nuna dai abin da wasu Kiristocin farko suka ɗauka. Amma sunan da ta raɗa masa, Linjilar Matar Yesu, ya riga ya yi aikinsa a jaridu.

Gwaje-gwajen da aka wallafa a 2014 sun nuna fafirus ɗin na ƙarni na 7 zuwa na 8 ne, tawadar kuma ta baƙin hayaƙi ce irin ta dā. Nan ne mutane da yawa suka yi kuskure. Gwajin kabon yana faɗin lokacin da aka yanke tsiron ne, bai san ranar da alƙalami ya hau kansa ba, kuma ana sayar da tsohon fafirus marar rubutu a kasuwar kayan tarihi. Tawadar ma ba wuya: baƙin hayaƙin fitila da ƙaro, kamar yadda ake haɗa ta allo. Wucewa irin wannan gwajin na nufin ba a kama ɓarawo ba ne kawai.

Masana harshe ne suka kama shi. Cikin kwanaki kaɗan Francis Watson na Jami'ar Durham ya nuna cewa kusan kowane layi an tsinto shi ne daga Linjilar Toma, wadda ke cikin littattafan Nag Hammadi. Andrew Bernhard ya gano cewa wani harafi da ya ɓace a layin farko ya ɓace a daidai wurin a wani bugun Toma da aka saka a intanet a 2002, kuskuren mai buga rubutu ne da tsohon kwafin bai da shi. Sai a 2014 Christian Askeland ya duba wani guntun Linjilar Yohanna da ya zo tare da shi daga hannun mutum ɗaya, da irin rubutun da irin tawadar. Ya tarar an kwafe shi daga bugun Herbert Thompson na 1924, ana tsallake layi ɗaya ana ɗaukar ɗaya, ƙarshen layukan na faɗawa daidai da na bugun. Karin harshen da aka yi rubutun da shi kuma ya mutu kafin zamanin da gwajin ya ba fafirus ɗin.

Abin da aka yi sakaci da shi tun farko shi ne bin diddigin mallaka, wato wa ya sayar wa wa, a ina, da wace takarda. King ta amince ta ɓoye sunan mai shi, ba ta kuma tantance takardun cinikin da ya ba ta ba, waɗanda kwafi ne kawai. Ɗan jarida Ariel Sabar ya bi sawun a mujallar The Atlantic a Yunin 2016, ya gano mai guntun wani Bajamushe ne mazaunin Florida da ya taɓa karatun ilimin tsohuwar Masar a Berlin, har da harshen Kibɗawa. Mutumin ya amsa nasa ne, ya musanta cewa shi ya ƙirƙira. Bayan fitar rahoton, King ta ce hujjojin sun karkata ga cewa jabu ne.