Nazarin Hulɗar Ƙasa da Ƙasa a Nijar

Nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa fanni ne na jami'a da ke bibiyar mu'amalar ƙasashe ta fuskar yaƙi da sulhu, ciniki, iyakoki da yarjejeniyoyi. Ya haɗa shari'a, tarihi, kimiyyar siyasa da tattalin arziki.

Tarihi

Galibi ana danganta farkon fannin da 1919, lokacin da Jami'ar Aberystwyth ta Birtaniya ta fara koyar da shi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Aikin diflomasiyya kansa kuwa ya girmi karatun. Tun kafuwar Maraɗi a hannun sarakunan Katsina, wajajen 1819, manzanni ke kai-komo tsakaninta da Gobir, kuma yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898, 1904 da 1906 ne suka shata iyakar da ta raba Maraɗi da Katsina.

Nijar ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 20 ga Satumba 1960. An buɗe makarantar horon ma'aikata ta ENA a Yamai a 1963, sai cibiyar IRIC ta Yawunde (Kamaru) a 1971, wadda ke horar da jami'an diflomasiyya na Afirka. Cikin 'yan Nijar, Ide Umaru ya riƙe muƙamin babban sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka daga 1985 zuwa 1989, Hamid Algabid kuma na Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi daga 1989 zuwa 1996. Sau biyu Nijar ta zauna a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya: 1980-1981 da 2020-2021.

Karatu

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ta fi ƙarfi a kimiyya, noma da likitanci. Mai BAC da ke son fannin yakan nufi sashen shari'a a Yamai ko Tawa, ko ya ƙetara zuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Lisans shekara 3 ce, masta 2. Ba a nisa a fannin sai da Faransanci da Ingilishi.

Ayyuka

Kowa jakada yake hange, amma guraben ma'aikatar harkokin waje kaɗan ne. Wasu kan shiga duwan, jarida, koyarwa ko ƙungiyoyin agaji, waɗanda aikinsu ya ƙaru a jihar Maraɗi tun 2019, da kwararowar 'yan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina. Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025; ra'ayoyi sun bambanta kan tasirin hakan.