Tsofaffin injinan jan masu zamiyar ƙanƙara da aka yi watsi da su

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke sauka da hunturu akwai wani wasa da ake kira siki, inda mutum ke ɗaura dogayen filanki biyu a ƙafafunsa ya gangaro daga kan dutse yana zamiya. Gangarowar ba ta wuce 'yan mintoci, hawan kuwa a ƙafa yakan cinye rabin sa'a ko fiye, cikin sanyi da nauyin kaya. Wannan wahala ce ta sa aka ƙirƙiro injinan da ke jan mutane zuwa saman dutse. Wasunsu igiya ce kawai mai kewayawa wadda mutum ke kamawa da hannu, wasu sanda ce da ke tura shi ta baya yana tsaye, wasu kuma kujeru ne a rataye jikin igiyar ƙarfe. Ɗaruruwan irin waɗannan injina sun daina aiki a Turai da Amurka, kuma da yawansu suna nan tsaye inda aka kafa su, tsatsa na cinsu. Akasarinsu na ƙananan tsaunukan bayan gari ne, waɗanda mutanen garin suka gina da kansu.

Asali

Injin farko da aka sani shi ne wanda Robert Winterhalder, mai masaukin baƙi a ƙauyen Schollach da ke kudu maso yammacin Jamus, ya buɗe a watan Fabrairun 1908. Tsawonsa kimanin mita 280 ne, kuma ruwan da ke juya injin niƙansa shi ne ke juya igiyar. Bai daɗe ba: a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka kwance shi. Ke nan injin farko shi ne kuma na farko da ya ɓace.

Sai a shekarun 1930 abin ya kankama. A Disambar 1934 aka buɗe na Bolgen a garin Davos na Suwizalan, ƙirar injiniya Ernst Constam, mai sanda lanƙwasasshiya da ke tallabe mutum ta baya. A Faransa Jean Pomagalski ya kafa nasa a Alpe d'Huez a 1936, kuma daga sunansa kamfanin Poma mai ƙera irin waɗannan injina ya samo suna. A wannan shekarar ce kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific ya buɗe wurin shaƙatawa na Sun Valley a jihar Idaho ta Amurka, da kujerun rataye na farko a duniya. Injiniyan kamfanin, James Curran, ya ɗauko dabarar ne daga ƙugiyoyin da ake loda ayaba da su cikin jiragen ruwa, ya cire ƙugiya ya sa kujera.

Igiyar manoma

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne mafi arha. A farkon shekarun 1930 Alex Foster ya kafa igiyar ja a Shawbridge ta lardin Quebec a Kanada, sannan a Janairun 1934 aka kafa ta farko a Amurka, a gonar Clinton Gilbert kusa da Woodstock a jihar Vermont, da injin tsohuwar mota ƙirar Ford Model T. Duk wanda ya taɓa ganin yadda bel ke juya injin niƙa zai gane aikin nan take. Ana ɗage ƙafar motar ta baya, a cire taya, a naɗa igiya mai kauri jikin wilin, a kai ta saman tudu ta zagayo wani wilin ta dawo. A tsakani akwai turaku kamar falwaya, kowanne da tsohon wilin mota da igiyar ke bi a kansa ta dawo ƙasa.

Hawanta na buƙatar ƙarfin hannu. Mutum zai saki igiyar tana zamewa cikin tafinsa, sannan ya damƙe ta a hankali. In ya damƙe da sauri sai ta fizge shi ya kifa. Jiƙaƙƙiyar igiya tana da nauyi, tana cinye safar hannu cikin 'yan kwanaki, kuma tana murɗawa yayin da take tafiya, don haka takan naɗe mayafin wuya ko gashin kai. Saboda haka daga baya aka riƙa gitta siririyar waya kusa da ƙarshen hanya, wadda ke kashe injin da zarar jikin mutum ya taɓa ta.

Cikin shekaru kaɗan igiyar ta bazu ko'ina a yankin New England na arewa maso gabashin Amurka. Manomin da gonarsa ke kwance ƙarƙashin ƙanƙara wata huɗu yakan sami abin cefane da ita. Makarantu, ƙungiyoyin matasa da hukumomin ƙananan garuruwa duk sun kafa nasu, wasu har da fitilu don yara su yi wasa bayan an tashi daga makaranta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tsofaffin sojojin runduna ta 10 ta yaƙin duwatsu, waɗanda aka horar a jihar Colorado, sun dawo gida sun buɗe wurare da dama. Wannan zamani ya cancanci a tuna da shi, domin a lokacin ɗan leburan masana'anta yana iya koyon wasan a bayan gidansu da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya kashe su

Mutane da yawa a yau suna ɗora laifin duka a kan ɗumamar yanayi, amma a Amurka kuɗi ne ya fara yi musu illa. Manyan tituna da aka shimfiɗa a shekarun 1960 sun sauƙaƙa zuwa manyan duwatsu masu kujeru da otal, sai jama'a suka riƙa wuce ƙaramin tudun garinsu. Tsadar man fetur ta 1973 ta ƙara nauyi. Sannan ga inshora: a 1978 kotun ƙoli ta jihar Vermont ta tabbatar da diyyar dala miliyan 1.5 ga James Sunday, wanda ya shanye bayan ya faɗi a dutsen Stratton, kuma daga nan kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabo har ya fi ƙarfin masu igiya ɗaya. Hunturun 1979 zuwa 1980 ya zo kusan babu dusar ƙanƙara a arewa maso gabashin ƙasar, har gasar Olamfik ta Lake Placid ta dogara da ƙanƙarar inji. Mai hali ya sayi injin feso ƙanƙara da famfuna da bututu. Marar hali ya kulle rumfar injinsa da niyyar buɗewa baɗi, baɗin da bai zo ba.

Jeremy Davis, wanda ya fara tattara tarihin waɗannan wurare a 1998, shi da abokan aikinsa sun lissafa fiye da 600 da suka mutu a New England kaɗai. Mai yawo a dajin yankin yakan gane su da alamu: wani zirin ƙananan bishiyoyi da ya miƙe sak zuwa sama a tsakiyar manya, dandamalin siminti da gansakuka ta rufe, da wilin mota da aka kafe jikin bishiya tun shekaru saba'in, itacen ya girma ya haɗiye rabinsa. A Colorado ma haka: Hidden Valley ya rufe a 1991, Berthoud Pass da ya fara da igiya a 1937 ya tsayar da injinansa a 2001.

Wasu yaƙi ne ya tsayar da su. Keken igiyar da ke hawa dutsen Trebević daga Sarajevo, wanda aka buɗe a 1959, ya lalace a yaƙin Bosniya na 1992 zuwa 1995, kuma sai a 2018 aka sake gina shi.

Wa zai kwashe ƙarfen

A Faransa gwamnati ta ƙarfafa gina wuraren wasan daga shekarun 1960 zuwa 1970, ƙauyuka da dama kuma suka kafa injina a tsaunukan da ba su da tsayi sosai. Su ne ƙarancin ƙanƙara ya fara taɓawa. Masanin labarin ƙasa Pierre-Alexandre Métral ya ƙidaya wurare 186 da aka rufe a ƙasar. Kwance inji na cin kuɗi, mai shi kuma sau da yawa ya riga ya karye, ƙaramar hukumar ba ta da hali. Dokar duwatsu ta 2016 ta wajabta kwashe sababbin injina idan sun daina aiki, amma ba ta waiwayi waɗanda aka kafa kafin ita ba. Barin su kuwa yana da lahani: tsuntsaye na karo da igiyoyin da ba sa gani, mai da giris na tsiyaya cikin ƙasa. Tun 2001 ƙungiyar Mountain Wilderness ke tara 'yan sa-kai suna yanka turakun suna saukowa da su. A ƙauyen Saint-Firmin an kwance injin da aka kafa a 1964 a shekarar 2022, bayan ya daɗe bai juya ba.

Ba duka ne suka ƙare a hannun 'yan gwangwan ba. Wata kujerar rataye ta Sun Valley tana aiki har yanzu a dutsen Eyak na garin Cordova a Alaska. A dutsen Ascutney na Vermont, wanda ya rufe a 2010, mutanen garin West Windsor sun sayi filin, 'yan sa-kai kuma suka sake kafa igiyar ja irin ta kakanninsu.

Chacaltaya

Wanda labarinsa ya fi taɓa zuciya yana Bolibiya, kimanin kilomita 30 daga birnin La Paz. Dutsen Chacaltaya ya haura mita 5,300, inda iskar da mutum ke shaƙa kusan rabin ta bakin teku ce, baƙo yakan yi taku goma ya tsaya yana haki. A 1939 ƙungiyar mahaya duwatsu ta Club Andino Boliviano ta kafa igiyar ja a can da injin mota, ta farko a Kudancin Amurka, kuma an daɗe ana kiran wurin filin zamiya mafi tsayi a duniya. Igiyar ta yi suna wajen gudu da wuyar kamawa. Ana wasan ne daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin daminar ƙasar, a kan wata daskararriyar ƙanƙara da masana suka ƙiyasta shekarunta da kimanin 18,000. 

A nan babu batun inshora ko gasa da manyan otal. Ƙanƙarar ce ta tafi. Faɗinta a 1940 ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na murabba'in kilomita, daga shekarun 1980 kuma narkewarta ta ƙara sauri. Duk inda ta janye sai baƙin dutse ya bayyana, baƙin dutsen ya sha rana ya ƙara narkar da wadda ke gefensa. Edson Ramírez, masanin ƙanƙara na Jami'ar San Andrés da ke La Paz, wanda ya shafe shekaru yana auna ta, ya yi hasashen za ta kai 2015. A 2009 ta ƙare. Abin ya wuce wasa ga mazauna La Paz da maƙwabcinsa birnin El Alto, domin wani kaso na ruwan shansu daga ƙanƙarar duwatsun da ke makwabtaka yake gangarowa, musamman da rani, kuma ita ma tana raguwa.

Masaukin ƙungiyar yana nan a bakin gangare. Motoci na kawo 'yan yawon buɗe ido ta tsohuwar hanyar da aka fasa a shekarun 1930, su taka zuwa ƙololuwa, su hango dutsen Huayna Potosí da tafkin Titicaca idan gari ya washe. Gangaren da igiyar ke jan mutane a kai yanzu tsakuwa ce da farfasassun duwatsu, sai in an yi saukar ƙanƙara mai yawa ya yi fari na 'yan kwanaki.