Rimasta ba sake rera waƙa ba ne

Kwanan nan duk inda ka juya sai ka ci karo da kalmar "rimasta". Ka buɗe Spotify ko YouTube, ga ta an liƙa wa tsohuwar waƙa a gefen suna, haɗe da shekara. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani mai gabatar da shirin kiɗa da na ji yana cewa ƙungiyar mawaƙan Ingila The Beatles "sun sake rera" kundinsu na Revolver, wai abin da ake kira rimasta ke nan. Raina ya sosu. Cikin su huɗun, an kashe John Lennon tun 1980, George Harrison ya rasu a 2001. Su waye suka koma situdiyon?

Kalmar ta fito ne daga "masta", wato uwar kaset ɗin da aka kammala haɗa waƙa a kai, wadda daga ita ake buga kowane faifai. Mai yin rimasta yana ɗauko wannan uwar, ya rage shuuu ɗin da tsohon zare ke yi, ya daidaita amo da kauri, ya mayar da ita kan na'urar zamani. Ba ya iya ɗaga murya ita kaɗai ko matsar da ganga, domin an riga an narkar da su wuri guda. Wanki da guga ne, ɗinkin rigar yana nan yadda yake. Haka aka yi wa kundayen The Beatles a 2009, bayan fitowarsu ta farko a faifan CD a 1987. Kuma ba kowane wanki ne alheri ba. Daga shekarun 1990 kamfanoni sun shiga gasar ƙarfin sauti, suna matse waƙa har wurin raɗa da wurin tsawa su zama kusan ɗaya. Da farko sai ka ji kamar ta ƙara armashi, bayan minti goma kunne ya gaji.

Rimiks kuwa warware ɗinkin ne gaba ɗaya. Ana komawa zaren da aka naɗi kowane kayan kiɗa daban, a sake haɗa su. A nan ne labarin Revolver ya ba ni mamaki. A 1966, a situdiyon EMI da ke titin Abbey a Landan, na'urar tasu layi huɗu kawai take ɗauka, don haka sukan cusa ganga da jita da bes a layi guda. Shi ya sa idan ka sa tsohon sitiriyon a kunne, wato haɗin da ke raba sauti dama da hagu, a wasu waƙoƙin za ka ji kiɗa ya taru a gefe ɗaya, ɗaya gefen kusan wayam. Shekara da shekaru ba mai iya raba su. Sai da kamfanin Peter Jackson, mai shirya fina-finai ɗan New Zealand, ya ƙirƙiro manhajar da ke koyon amon kowane kayan kiɗa ta zare shi daga cikin taro, sannan Giles Martin, ɗan George Martin wanda ya shirya kundin na asali, ya samu damar sake haɗa shi a 2022. Ganga ta dawo tsakiya, bes ya fito fili. Ina jin daɗinsa sosai, ban ɓoye ba. Amma ba shi ne abin da mutanen 1966 suka ji ba, kuma duk wanda ya kira shi "asalin kundin da aka goge" ya ruɗi mai saye. Sake rerawa kuma abu ne na uku, irin wanda mawaƙiyar Amurka Taylor Swift ta fara yi a 2021 saboda rikicin mallakar mastocinta: sabuwar murya, sabon naɗi.

To yanzu kwalin da ake sayar da irin wannan kundi a ciki, wanda akan rubuta wa "dilaks". "Dilaks" daga Faransanci take, ma'anarta na alfarma, kuma ba wata doka da ta faɗi abin da dole a zuba kafin a rubuta ta a bango. Sai dai mai saye ya yi lissafi da kansa. Babban kwalin Revolver faifan CD biyar ne, waƙa 63, da littafi mai shafi 100. Ka cire 14 na sabon haɗi, ka cire 14 na tsohon haɗin mono (mai sauti guda, ba dama ba hagu), waɗanda dai waƙoƙin ne aka maimaita. Faifai na biyar waƙa biyu ne kacal, kowacce sau biyu, alhali CD yana ɗaukar kusan minti 80. Saura 31 na gwaje-gwajen situdiyo, wasunsu ma an taɓa fitar da su a 1996. Wanda ya sayi kundin a garmaho, ya saya a 1987, ya ƙara a 2009, karo na huɗu ke nan yake biyan kuɗin waƙoƙi 14 ɗin nan.

Akwai kuma abin da tallar ba ta faɗa. A Tarayyar Turai an tsawaita haƙƙin mallakar sautin da aka naɗa daga shekara 50 zuwa 70, amma wanda ba a taɓa fitarwa ba a cikin shekara 50 na farko bai shiga ƙarin ba. Ganin haka, a 2012 aka fitar da tarin naɗe-naɗen mawaƙin Amurka Bob Dylan na 1962 a Turai, kwafi kusan ɗari kawai, kuma a jikinsa aka rubuta ɓaro-ɓaro cewa don tsawaita haƙƙin mallaka ne. A ƙarshen 2013 aka saki na The Beatles na 1963 a iTunes. Saboda haka idan ka ga an buɗe rumbu daidai cikar shekara 50, wani lokacin lauya ne ya riƙe makullin.

Duk da haka ba zan ce kwalliya ba ta taɓa biyan kuɗin sabulu ba. Inda take biya shi ne cikin waɗannan 31 ɗin. Akwai wani ɗan guntun kaset na gida, Lennon shi kaɗai da jita, yana gwada Yellow Submarine. Duniya ta san ta a matsayin waƙar yara mai raha da Ringo Starr, makaɗin gangar ƙungiyar, ya rera. A guntun nan kuwa muryar Lennon a sanyaye take, baitin na kaɗaici ne, na yaron da ba wanda ya damu da shi a inda aka haife shi. Na saurare shi sau uku a jere kafin na iya matsawa gaba. Don wannan minti guda na yarda da kuɗin faifai biyun na situdiyo. Na biyar ɗin, mai waƙa biyu sau bibbiyu, da an zuba shi a ƙarshen faifan mono da ya shige har da ragowar wuri.